Na biya fiye da rabin bashina, amma aljihuna bai shaida ba: yaya ake auna ci gaba?

Bafuntuwe a Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin lissafi da kasuwa, domin akwai abin da ya ɗaure mini kai game da halin da nake ciki.

Shekarata goma sha ɗaya a Legas. Da farko acaɓa nake yi, kuma galibin fasinjojina 'yan Ikeja ne, saboda haka da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga Yuni, 2022, ciki har da Ikeja, sai na sayar da babur ɗin na buɗe ɗan shagon tireda a unguwarmu. A ƙarshen 2023 na karɓi keke Napep a kan yarjejeniyar biya sannu-sannu, jimillar kuɗinta naira 2,800,000, na ba da wani kaso tun farko, ƙanena yana tuƙawa, muna kai naira 20,000 kowane mako.

A watan Janairun 2024 na sayi littafi mai kauri na rubuta duk bashin da ake bina. Ragowar kuɗin keke naira 2,300,000 ne, Alhajin da nake sarin kaya a wurinsa yana bina 620,000, yayana da ke gida ya ranta mini 300,000 na cika kuɗin haya, sannan akwai 85,000 na wata manhajar bashi ta waya. Jimilla 3,305,000. A ƙarshen Yunin 2025 da na sake haɗawa, keke ta koma 740,000, Alhaji 410,000, na manhaja na gama da shi, na yayana kuma yana nan yadda yake. Jimilla 1,450,000, wato na sauke 1,855,000 cikin wata goma sha takwas.

Na kuma gwada lissafa abin da na mallaka. Na sa keke a 2,800,000, kayan shago a 900,000 bisa farashin da nake sayarwa, bashin da nake bin kwastomomi 265,000, kuɗin hannu da na banki 64,000. Da na cire bashi, sai takarda ta ce ina da 2,579,000, ban da wani fili da na saya a Funtua a 2019. Amma gaskiyar magana, kantocin shagona sun fi zama fayau a kan bara, kuma duk ƙarshen wata sai na yi ta kame-kame. Shin lissafin ne yake yaudarata, ko kuwa haka biyan bashi yake? Kuma idan na samu ɗan rara, wanne ya kamata na fara ragewa?

Akanta daga Ikeja ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi abin da mutane da yawa ba sa iya yi, wato ka zauna ka rubuta bashinka gaba ɗaya ba tare da ka ɓoye wa kanka komai ba, kuma ɓangaren bashin na lissafinka yana da kyau. Matsalar tana ɓangaren dukiya, domin ka kimanta kusan kowane abu da farashin da zai faranta maka rai.

Ƙa'idar da muke bi ita ce a rubuta kowace kadara a kan kuɗin da za a ba ka idan ka fitar da ita kasuwa a wannan makon. Keken da ta yi shekara ɗaya da rabi tana bin hanyoyin Agege da Abule-Egba ba za ta yi 2,800,000 ba, kuma ko ranar da ka karɓe ta ma ba ta kai haka ba, tun da a cikin wannan adadi akwai ribar da mai ita ya ɗora saboda jinkirin biya. Ka tambayi dillalai biyu ko uku da kanikawan keke nawa za su saye ta yau, ka ɗauki matsakaicin abin da suka faɗa. Ka kuma tuna cewa a irin wannan yarjejeniya yawanci takardun suna hannun mai keke har sai an kammala biya, saboda haka ka karanta abin da kuka sa wa hannu ka ga me zai faru idan ka yi fashin mako uku ko huɗu.

Kayan shago kuma a kan kuɗin sari ake rubuta su, domin ribar da ba ta shigo ba ba taka ba ce tukuna. Bashin kwastomomi ka raba shi gida uku: wanda mai shi yake biya duk mako, wanda ya wuce wata uku ba a taɓa shi ba, da wanda mai shi ya tashi daga unguwa ko ya daina bi ta ƙofar shagonka. Na farkon kawai za ka sa a lissafi. Filin Funtua ka rubuta shi a shafi dabam, kada ka riƙa ƙara masa farashi duk lokacin da wani ya ce maka filaye sun tashi, domin hakan zai sa ka ga kana ƙaruwa alhali a Legas raguwa kake yi.

Akwai tambayoyi biyu da nake so ka amsa wa kanka. Kana cikin adashi, kuma ka riga ka kwasa? Idan haka ne, zubin da ya rage maka bashi ne cikakke, ko da yake mutane ba sa kiransa haka. Na biyu, yaushe hayar gida da ta shago za su cika? Hayar da ka biya gaba ba bashi ba ce, amma mai zuwa tana tafe, kuma ita ce ta jefa ka cikin rancen yayanka tun farko. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin sassan jihar, amma shekara ɗayar ma a dunƙule take zuwa. Ka raba ta gida goma sha biyu ka riƙa ware kason kowane wata, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da dalilin da ya sa aljihunka bai shaida ba, ka duba lokacin da ka yi wannan ƙoƙari. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta kai wajen 1,500 a farkon 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda yake da naira miliyan ɗaya a farkon wannan shekarar, ya wayi gari a ƙarshenta da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, a takarda ya ƙaru, a kasuwa kuwa ya ragu. Sai dai wannan hauhawar ta taimake ka ta wani gefen, domin 20,000 ɗin da kake kaiwa duk mako ba ta canza ba alhali kuɗin hawa keke ya tashi.

Shawarata ita ce ka zaɓi rana ɗaya a wata, ka yi wannan lissafi a ranar ko da ba ka ji daɗin abin da zai fito ba, ka rubuta lambobi uku a jere: jimillar bashi, jimillar dukiya, da abin da ya rage idan aka cire na farko daga na biyu. Wata ɗaya ba ya nuna komai, amma idan ka jera wata shida za ka ga inda ka dosa. Rarar da ka samu kuwa, tun da ka rabu da mai kuɗin ruwa, ni a ganina ka zuba ta a kan bashin Alhaji, saboda shi ne yake riƙe da wuyan shagon.

Hajiya mai albasa, Mile 12, ta amsa:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya rufa asiri. Bayanin Malam Akanta ya yi, amma ni ban yi boko mai zurfi ba, kuma shekara ashirin da 'yan kai da na yi a wannan kasuwa sun koya mini kada na auna jarina da naira. Da buhu nake aunawa. Idan bara war haka kuɗina yana ɗauko mini buhu arba'in daga Aliero, bana kuma talatin da biyar yake ɗaukowa, to na ragu, ko da kuwa kuɗin da ke cikin jakata ya ninka. Sai dai mu masu kayan gwari dole mu kwatanta kaka da kaka, damina da damina, domin albasa da tumatir suna arha lokacin da kayan rani suka fito, su yi tsada idan ruwa ya sauka. Kai kayanka ba su da wannan hawa da sauka sosai, saboda haka naka ya fi sauƙi. Ka nemo takardun sarin da Alhaji yake ba ka, ka ƙirga katan nawa ne a shagon a Janairun bara, katan nawa ne yau, sannan ka ware nawa ne naka nawa ne nasa.

Ina zargin cewa wani ɓangare na bashin da ka biya, daga uwar kuɗin shago ka biya shi. Haka yake faruwa da duk wanda aljihunsa ɗaya ne, inda kuɗin keke da na shago da na cefane da wanda ake aikawa gida suke haɗuwa wuri guda. Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda za ka yanka wa yaron shago, ka ce ga abin da gida zai ci a mako, kuma ko sukari uwargida ta aiko a ɗauka a shago a rubuta shi a kan wannan albashin. Keke ta biya kanta daga abin da ta samo, har da kuɗin gyara da na tikitin da ake yanka a tasha. Ranar da keke ta kwana a gareji, kada ka buɗe durowar shago ka cika balas, wato kuɗin makon da ake kai wa mai keke, ba tare da ka rubuta cewa keke ta ci bashin shago ba.

Inda na saɓa da Malam Akanta shi ne maganar wanda za a fara biya. Bashin ɗan sari ba abin tsoro ba ne muddin kana juya kayan kana kai masa a kan lokaci, haka kasuwa take tafiya tun kafin a haife mu, shi ya sa ake cewa bashi hanji ne. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na yayanka. Wata goma sha takwas kana biyan bare duk mako, shi kuwa ko sisi bai gani ba, saboda kawai ba ya kiran waya yana yi maka faɗa. Mai kunya ake fara cuta a harkar bashi, na gani a kaina kuma na gani a kan wasu. Ko 15,000 ne ka riƙa tura masa duk wata, domin ya san ba ka manta ba, matarsa ma ta sani.

Littafin bashin kwastomomi kuma, 265,000 a shagon da kayansa ba su kai miliyan ba ya yi yawa ƙwarai. Ka sa wa kowa iyaka, wanda bai sauke na baya ba kada ya ɗora sabo, ko da kuwa a sahu ɗaya kuke salla.

Almajirin Malam, Idi-Araba, ya amsa:

Bismillahi. Ina so na ƙara abin da ya shafi shari'a, tun da lissafin da ake magana a kai yana da tushe a addini. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma ta yi umarni da a rubuta shi, a sa masa ajali, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Malam, littafinka kai kaɗai ka san da shi. Idan ta Allah ta kasance a daren nan, iyalinka sun san inda yake, kuma za su gane rubutun? Bashi ana fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin wasiyya da rabon gado, saboda haka ya kamata uwargida ko ƙanenka su san wa yake binka, wa kake bi, kuma a sami takarda tsakaninka da yayanka ko da kuna jin nauyin juna.

Ina goyon bayan Hajiya. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Ba na cewa kai mawadaci ne, amma wanda yake da fili a ajiye yana kuma samun ɗan rara ya kamata ya nemi yardar mai bashi a kan jinkirin, kada ya ɗauki shirunsa a matsayin yarda.

Za ka iya tambaya ko ya kamata ka ƙara masa wani abu, tun da 300,000 ta 2023 ta fi ta yau ƙarfi nesa ba kusa ba. Asalin hukuncin rance shi ne a mayar da kwatankwacin abin da aka karɓa, kuma duk ƙarin da aka sharɗanta tun farko riba ce haramtacciya. Amma ƙarin da mai biya ya yi don kansa, babu sharaɗi babu alkawari babu al'ada, Ibn Abi Zaid ya kawo saɓani a kansa a cikin Risala, inda a cikin malaman Malikiyya Ashhabu ya halatta ƙarin adadi a wurin biya, Ibnul Ƙasim kuma ya ƙi shi. Ka je wa malamin da ka amince da shi da cikakken bayani kafin ka yanke.

Wannan lissafi na wata-wata zai kuma yi maka amfani ranar da zakka ta hau kanka, domin ɗan kasuwa mai juya kaya yakan kimanta hajarsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran samu, ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari idan ya kai nisabi. Nisabin zinare, wato dinari ashirin, ya haura naira miliyan goma a yanzu, saboda haka da sauranka, amma hannunka zai riga ya saba.

Ma'aikacin banki, Apapa, ya amsa:

Ƙarin bayani kaɗan a kan bashin manhaja da ka ce ka gama. Kada ka dogara da cewa sun daina kiranka. Ka tabbatar kana da shaidar biya ta ƙarshe a wayarka ko a takarda, sannan ka nemi rahoton bashinka daga ɗaya daga cikin kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke tara bayanan masu cin bashi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma da lambar BVN ake nema. Yakan faru mutum ya biya amma wanda ya ba shi rancen bai sabunta bayani ba, sai ranar da ya je neman jari a banki, ko da a bankin da ba ya harka da kuɗin ruwa ne irin Jaiz ko TAJ ko Lotus, a ce masa sunansa yana cikin waɗanda ba su biya ba. Idan ka tarar da kuskure kana da haƙƙin neman a gyara. Ka kuma cire manhajar daga wayarka, domin idan haya ta matso a watan da hannu ya bushe, saƙon da suke turowa na cewa an ƙara maka adadin da za ka iya karɓa yana da wuyar kau da kai.

Bafuntuwe a Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ɗauki kwana tara kafin na dawo saboda ina so na zo da lambobi na gaskiya.

Dillalai biyu sun taya keke, ɗaya 1,700,000 ɗaya 1,800,000, sai na rubuta 1,750,000. Kayan shago a kan kuɗin sari sun kama 740,000. Daga cikin 265,000 da nake bi, 110,000 ne kawai zan iya rantsewa za su dawo, kuma mafi girman wanda na cire na wani maƙwabci ne da ya koma gida tun azumin bara. Na ƙara firiza da janareta a 180,000, da kuɗin hannu 64,000. Jimillar dukiya 2,844,000. Malam Akanta ya canka daidai, ina cikin adashin 30,000 a wata kuma na kwasa tun Fabrairu, saura zubi biyar, wato 150,000, saboda haka bashina 1,600,000 ne. Abin da ya rage nawa 1,244,000, bai kai rabin abin da na rubuta da farko ba. Daren da na gama wannan lissafi ban yi barcin kirki ba.

Amma awon Hajiya ya nuna mini wani abu dabam. A Janairun 2024 akwai katan da buhu 46 a shagon, kuɗin sarinsu 810,000, kuma 620,000 daga ciki na Alhaji ne, wato nawa na kaina bai wuce goma sha ɗaya ba. Yau guda 31 ne, amma da na cire 410,000 na Alhaji sai na ga nawa sun kai wajen goma sha huɗu. Shagon ya rame, sai dai kason da yake nawa a cikinsa ya ƙaru da katan uku. Keke kuma saura mako 37 idan Allah ya kiyaye ta daga babban gyara.

Hayar gida da shago 480,000 ce kuma a Nuwamba za ta cika, ban ware ko kwabo ba, wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu. Na kira yayana na ba shi haƙuri, ya ce shi bai taɓa sa ranar biya ba, amma da na matsa sai ya ambata cewa yana son sayen taki kafin masara ta wuce lokacinta. Na tura masa 40,000 daga kuɗin hannu, mun kuma yi takarda da shaidu biyu a kan 260,000 da suka rage. Malam Akanta, tambayata ta gaba gare ka ce: tun da wata huɗu ne kawai suka rage kafin Nuwamba, ya fi dacewa na roƙi Alhaji ya bar bashinsa a 410,000 har hayar ta wuce, ko na nemi mai gidan ya karɓi ta wata shida-shida?